Kafin Ka Taɓa Ƙarin da Ke Cikin Mafitsara, Ka Yi Wannan Tambayar

Matar da ta koya mini wannan darasi ba ta wuce shekara 34 ba. Daga wani ƙauye na bakin fadama aka kawo ta, mijinta da ƙanwar mahaifiyarta suka rako ta. Takardar da aka turo ta da ita layi biyu ce kacal: fitsarin jini, ta sha maganin tsargiya sau biyu bai tsaya ba, hoton ciki ya nuna ƙari a bangon mafitsara. A lokacin ina tsakiyar koyon tiyatar hanyoyin fitsari. Muka sa mata rana, muka shiga da ita, muka leƙa mafitsara da madubi. Ƙarin ɗan dunƙule ne kamar goro, fatar mafitsara ta lulluɓe shi sumul, ba shi da tsiron nan mai yatsu-yatsu na kansar da muke gani kullum. Wayar kankara, wadda muke kankare ƙari da ita, tana taɓa shi sai na ji likitan sa barci ya ɗaga murya: "Ku tsaya! Ku janye hannu!" Jininta ya haura 240 a kan 130, zuciya tana gudu fiye da 150 a minti ɗaya. Muka tsaya, muka zuƙe ruwan da muka cika mafitsarar da shi, shi kuma ya yi ta fama har Allah ya sa jinin ya sauka.

Washegari na zauna a gefen gadonta. Ita kunya ta hana ta magana, sai innar ta ce, "Ai likita, yau shekara uku ke nan. Duk sanda ta zaga bayi sai iska ta buge ta. Kai ya sara, zufa ta karyo, gaba ya riƙa faɗuwa, wani lokaci sai mun ɗauko ta. An yi ruƙiyya, an sha rubutu." Na ce, "Inna, me ya hana ku faɗa mana?" Ta ce, "Ɗana, ba wanda ya tambaye mu. Kuma mu a namu ganin wannan ba ciwon asibiti ba ne."

Gaskiya ta faɗa, ba wanda ya tambaya. Saboda haka nake rubuta wannan ga ƙannena da ke aiki a manyan asibitoci da na ƙananan hukumomi, da ma'aikatan jinya, da duk wanda yake da majinyaci irin wannan a gida. Waɗannan ƙarurruka ba su da yawa, likita zai iya yin shekaru bai haɗu da ko ɗaya ba. Amma idan suka zo, abin da ke raba tsira da asara shi ne sanin abin da za a fara da abin da za a jinkirta. Magungunan da kayan aikin galibi waɗanda muka sani ne, jerin ne ake kuskurewa.

Iyalin da muke magana a kansu

A jikin mutum akwai wasu ƙwayoyin halitta da suka ɗebo hali daga jijiya, suka kuma ɗebo daga masu fitar da sinadarai zuwa cikin jini. Su ake kira niyuro-endokirin. Ƙarin da ke fitowa a mafitsara da kamanninsu iri huɗu ne. Akwai kansa mai ƙananan ƙwayoyi, wadda ita ta fi yawa a cikinsu, duk da haka ba ta kai kashi 1 cikin 100 na kansar mafitsara ba. A 1981 aka fara bayyana ta a rubuce. Akwai 'yar uwarta mai manyan ƙwayoyi, ta fi ta ƙaranci, halinsu kusan ɗaya. Akwai kasinoyid, ɗan ƙaramin tsiro mai sanyin hali. Sai faragangiliyoma, irin na wannan baiwar Allah, wanda aka fara ba da labarinsa a mafitsara a 1953, kuma bai kai ɗaya cikin dubu na ƙarurrukan mafitsara ba. Suna ɗaya ya tara su, amma hanyar maganinsu ta rabu tun daga bakin ƙofa.

Galibinsu da fitsarin jini suke sallama, kuma nan ne matsalarmu ta farko. A ƙasarmu, musamman wuraren noman rani da bakin madatsun ruwa, fitsarin jini sunansa tsargiya har sai an ga akasin haka. Ga yaro ɗan shekara 10 da ke wanka a kududdufi, wannan zato ne mai kyau. Ga babba kuwa, ka duba fitsari ka nemi ƙwan tsutsar, ka ba da firazikwantel in ka gani, amma kada ka sallame shi a nan. Ganin ƙwan tsargiya ba ya kore ƙari. Ita kanta tsargiyar da ta daɗe tana jawo wata kansar ta daban a mafitsara. Duk babban da ya yi fitsarin jini da ido ke gani, a ɗauki hoton mafitsara tana cike, da ƙodoji biyu.

Tambayar

Hoto ya nuna ƙari. Kafin ka rubuta ranar leƙawa, ka kori 'yan rakiya maza in mace ce, ka bar tsohuwa ɗaya ko nas, ka tambaya da kalmomin gida: "Idan kin yi fitsari, ko kina cikin yi ko bayan kin gama, kanki yana sarawa? Gabanki yana faɗuwa? Zufa tana karyo miki? Kin taɓa ganin jiri ko ki faɗi a bayi?" Ka ƙara da wadda ta fi buɗe baki: "An taɓa cewa iska ce ke taɓa ki a banɗaki?" Ban taɓa yin gardama da dangi a kan addu'a ba, kuma ba na hana ta. Abin da nake ce musu shi ne, akwai wani ƙari da ke kawo irin wannan daidai, bari mu duba shi ma.

Dalilin alamomin a fili yake. Faragangiliyoma yana zaune ne a cikin naman bangon mafitsara, yana ƙera sinadarin noradirenalin, wanda ke matse jijiyoyin jini. Idan mafitsara ta cika ta miƙe, ko ta matse don fitar da fitsari, sai ta tatse ƙarin kamar lemo, sinadarin ya kwarara cikin jini lokaci guda. Bayan 'yan mintuna abin ya lafa, mutum ya koma garau, shi ya sa in ya zo asibiti ake auna jininsa a ce lafiya lau. Ka ƙara tambayar hawan jini a ƙuruciya, hawan jini da ya ƙi jin magani, da wanda aka ce na juna biyu ne amma ya fara tun cikin yana ƙarami ko ya ƙi sauka bayan haihuwa.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo, kuma ina mamakin yadda ba ma yinsa. Ka auna jini da bugun zuciya mafitsara tana cike, mutum yana zaune a natse. Ka sa ya yi fitsari a kusa, nas tana tsaye a bakin ƙofa. Yana fitowa ka sake aunawa, ka maimaita bayan minti 2, da minti 5, da minti 10. Na ga wanda ya shiga da 125 ya fito da 200. Idan ka ga haka ka kusa samun amsa. Idan ba ka gani ba, kada ka saki jiki, domin wasu daga cikin waɗannan ƙarurruka shiru suke yi sai ranar da ƙarfe ya taɓa su. Shi ya sa siffar hoto ma abin lura ce: dunƙule mai santsi a cikin bango, fata ta rufe shi, jini na gudana a cikinsa sosai, a jikin matashi ko mace mai matsakaicin shekaru da ba ta taɓa shan taba ba. Wannan kaɗai ya isa ka dakata.

Dakatawar tana nufin babu yankan tsoka don gwaji, babu kankara, har leƙawar ma a jinkirta, don cika mafitsara da ruwa kaɗai yana iya tayar da jini.

Tabbatarwa

Gwajin da ake so shi ne metanefirin, wato ragowar adirenalin da noradirenalin bayan jiki ya sarrafa su, ko a jini ko a fitsarin awa 24. A ƙarin mafitsara, ɓangaren nometanefirin ne ke tashi, saboda sinadarin da ke mayar da noradirenalin zuwa adirenalin kusan a ƙullutun saman ƙoda kaɗai yake. In na jini za a yi, mutum ya kwanta rigingine minti 20 zuwa 30 kafin a ɗiba. Na zaune yana ba da tashin ƙarya. Tsohon gwajin VMA da wasu ɗakunan gwaji ke yi har yanzu yana yawan kuskure ƙarin, in ya fito lafiya ban yarda da shi ba. Sakamakon da ya ninka iyakar sama sau biyu ko fiye abin ɗauka da gaske ne. Wanda ya ɗan haura kaɗan, ka duba jakar magungunansa tukuna: amitiriftilin da ake ba masu ciwon jijiya da rashin barci, lebodofa, maganin mura mai buɗe hanci, har farasitamol a wasu hanyoyin gwajin, duk suna rikita lissafi. A dakatar da wanda za a iya dakatarwa a sake.

Tara fitsarin awa 24 yana da wuya fiye da yadda muke zato, musamman ga matar da ke gidan yawa, masai ɗaya. Ni da kaina nake bayani, ko in sa nas mace. Fitsarin farko na asuba a zubar, a duba agogo. Daga nan duk wanda aka yi, dare da rana, a yi shi a wani kwano mai tsabta a juye a jarka, har da na asubar gobe. Idan ɗakin gwaji ya zuba ruwan asid a jarkar, a gargaɗe ta kada ta yi fitsari kai tsaye a ciki, kuma a ɓoye ta daga yara. Da zafin bazara, a tsoma jarkar cikin bokitin ruwan sanyi a inuwa. In da hali, na fi son a kwantar da ita kwana ɗaya a yi a gabanmu.

Bayan sinadari sai hoto: CT ko MRI na ciki da ƙugu. Ƙarin yana shan ruwan hoto ya yi haske ƙwarai. Ka duba ƙullutun saman ƙoda biyu, ka bi gefen babbar jijiyar jini ta ciki, domin wani lokaci ba shi kaɗai ba ne, ka kuma duba kaluluwar ƙugu. Hoton PET na galiyom 68 dotatet shi ya fi gano wanda ya bazu, sai hoton MIBG a bayansa, amma samunsu sai da tafiya da kuɗi masu nauyi. Rashinsu ba ya hana a yi aiki mai kyau.

Shiri: alfa tukuna

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana buƙatar kwana 7 zuwa 14 na shiri kafin tiyata, kuma na fi karkata ga 14. A fara da maganin da ke toshe alfa, wato mai sassauta jijiyoyin jinin da sinadarin ya matse. Fenoksibenzamin ana fara shi da miligiram 10 sau biyu a rana, amma da wuya ka same shi a nan. Doksazosin kuwa yana hannunmu, shi ne muke ba dattawa masu kumburin furostet. A fara da miligiram 2 da dare, a riƙa ƙarawa duk bayan kwana biyu ko uku gwargwadon awo. Abin da ake nema: a zaune jini ya sauka ƙasa da 130 a kan 80, a tsaye na sama kada ya gaza 90. In bai sauka ba a ƙara amlodifin ko nifedifin. Toshewar hanci da ɗan jiri in an miƙe alama ce maganin ya kama. Ka gaya masa tun farko ya riƙa tashi a hankali, ya zauna in zai yi fitsari.

Maganin beta mai rage gudun zuciya, irin su furofuranolol da atenolol, ba ya shiga sai alfa ya yi aƙalla kwana uku ko huɗu, kuma sai in zuciya tana gudu. Nan ne aka fi yin ɓarna. Mutum ya je kemis ya ce gabansa na faɗuwa, a miƙo masa furofuranolol. Maganin ya rufe hanyar da jijiyoyi ke ɗan saki, ya rage wa zuciya ƙarfi, alhali sinadarin yana ci gaba da matse jijiyoyin. Jini ya yi sama, huhu ya cika da ruwa. Haka nan metokulofiramaid da muke yi wa duk mai amai allurarsa, yana iya tayar da wannan ƙari. Ka rubuta da jan biro a bangon fayil cewa kada a ba shi.

Abin da ke ba dangi mamaki shi ne gishiri. Shekara da shekaru ana ce musu mai hawan jini ya bar gishiri, yau ga likita yana cewa a ƙara. Ka yi musu bayani: jijiyoyinsa sun daɗe a matse, ruwan jikinsa ya ragu, yanzu da muka buɗe su dole a cika su, in ba haka ba ranar da aka cire ƙarin jinin zai faɗi warwas. Daga kwana na uku na alfa a ƙara gishiri a miya, a sha ruwa sosai, daren tiyata a yi ƙarin ruwan gishiri lita 1 zuwa 2, sai fa in zuciya ko ƙoda ba su da ƙarfi. In shirin ya faɗo cikin Ramadan, ina gaya masa a sarari cewa azumi ba zai yiwu da wannan shiri ba, ya rama daga baya. A duba zuciya da sukari kafin a shiga.

Ranar aiki

Ka zauna da likitan sa barci kwana biyu kafin ranar, kada ka haɗu da shi a bakin ƙofar tiyata. A tanadi abin saukar da jini cikin gaggawa. Fentolamin ko naiturofurusaid in akwai. In babu, magniziyom salfet yana nan a ɗakin haihuwa inda ake ba masu jijjiga, kuma yana aiki. A tanadi noradirenalin da ruwa na ɗaga jini, da jini a ajiye.

Aikin da na fi yarda da shi shi ne a buɗe a yanke ɓangaren mafitsarar da ƙarin yake, da kaurin bangon gaba ɗaya da ɗan gefe mai lafiya. Kankara ta hanyar fitsari tana barin saura, don ƙarin cikin nama yake, kuma kowace kankara tatsa ce. In yana kusa da inda bututun ƙoda ke shiga, a sake dasa bututun. Cire mafitsara duka sai in ƙarin ya yi girma ƙwarai, ko yana wurare da yawa, ko ya zauna inda ba a iya rage shi. Kaluluwar da ta kumbura a kwashe ta. Hannu ya yi sauƙi, kada a riƙa murza ƙarin. Ka yi magana da ƙarfi sau biyu: lokacin da za ka taɓa shi, da lokacin da za ka ɗaure jijiyarsa ta ƙarshe, domin daga nan jini zai juya ƙasa. Bayan an fito a sa ido kan jini da sukari kwana ɗaya zuwa biyu, sukarin yana iya faɗuwa mutum yana barci a ɗauka maganin barci ne bai sake shi ba.

Takardar da za ta raka tsoka ɗakin gwaji, ka cika ta da hannunka. Ka rubuta shekaru, ka rubuta abin da ke faruwa in an yi fitsari, ka rubuta zatonka. Kama da wane ba ta wane: a ƙarƙashin madubi faragangiliyoma yana zama curi-curi a cikin naman bango, in wutar kankara ta ƙona shi sai ya yi kama da kansar mafitsara da ta ci nama. Rinin GATA3 da ake dogaro da shi wajen gane kansar mafitsara yana kamawa a dukkansu biyu. Abin da ke raba su shi ne kuromogiranin da sinaftofaisin sun kama, keratin bai kama ba, S100 ya zagaye curin. Kuskure a nan yana sa a cire wa matashiya mafitsara ba gaira ba dalili. In ɗakin gwajinku ba ya yin waɗannan rine-rinen, ka karɓi dunƙulen kakin da tsokar ke ciki ka aika inda ake yi, ka roƙi a haɗa da rinin SDHB mai nuna alamar gado.

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina raba wannan ƙari zuwa mai illa da marar illa. Kowanne yana iya bazuwa, ko bayan shekaru. Kusan kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na irin waɗannan ƙarurruka gado ne, kuma mai canji a ƙwayar gadon SDHB shi ya fi haɗarin bazuwa. In gwajin gado ya gagara, tambaya ba ta gagara ba: akwai wanda ya mutu farat ɗaya da ƙuruciya a dangi, ko a wurin haihuwa, ko a kan gadon tiyata? Akwai mai ƙari a wuya ko a ƙoda? 'Yan uwa da 'ya'ya a riƙa auna musu jini.

Mai ƙananan ƙwayoyi: kemo tukuna

Wannan wata duniya ce daban. Majinyacin galibi dattijo ne, shekara 60 zuwa 70 da wani abu, sau da yawa ya sha taba. Fitsarin jini ba zafi, da gudaji, ƙarin babba ne mai gyambo. A nan leƙawa da kankara su ne daidai, a ɗebo har da naman bango. Abin da likitan tsoka zai gani ƙananan ƙwayoyi ne cunkus, kusan duk cibiya, suna danne juna, da matattun wurare da yawa, rinin Ki-67 mai nuna saurin yaɗuwar ƙwayoyi a sama ƙwarai. Sinaftofaisin, kuromogiranin, CD56 da INSM1 su ke tabbatarwa, rashin kamawar CD45 kuma ya kore kansar kaluluwa, wadda maganinta daban ne. TTF-1, rinin da aka saba gani a kansar huhu, yana iya kamawa ko da a mafitsara ta fara, don haka hoton ƙirji ne zai ce ba daga huhu ta zo ba. Ka kuma taɓa furostet da yatsa. Sau da yawa tana cakuɗe da kansar mafitsara ta yau da kullum. Ko kaɗan ce a cikin cakuɗen, ita ke jan ragamar magani.

Wannan sakamako ba ya jira. Ka karɓi lambar wayar ɗansa, ka bi ɗakin gwaji da ƙafarka. Sati shida na jiran takarda ya isa ciwon ya tsallaka zuwa hanta. Da ya fito, a yi CT na ƙirji da ciki da ƙugu, da hoton ƙwaƙwalwa, da na ƙashi in akwai ciwo. A duba aikin ƙoda, da sodiyom da kalsiyom, domin ƙarin yana iya saukar da na farko ko ya ɗaga na biyu, dattijo ya rikice a ce tsufa ne. A gwada ciwon hanta nau'in B da HIV kafin kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa.

Na tuna wani ɗan kasuwar hatsi da babban ɗansa ya biyo ni har bakin mota. Ya ce, "Likita, tunda an ce bai bazu ba, a cire kawai Baba ya huta. Mun sayar da gona, kuɗin aiki na hannu." Na ce masa, "Alhaji, ka san gara. Ranar da ka ga ƙasarta a bango, ta riga ta shiga azara. Wannan ciwon haka yake, yana tafiya a jini tun hoto bai gan shi ba. In muka fara da wuƙa, Baba zai yi wata biyu yana jinyar yanka, ciwon kuma yana aikinsa a hanta, ga kuɗin kemo sun tafi." Ya yi shiru, ya ce a yi yadda ya dace. Ni likitan tiyata ne, amma a wannan ciwo hannuna na biyu ne, kuma abin da masu bincike suka gani ke nan, har da na cibiyar kansa ta MD Anderson da ke Amurka: waɗanda aka fara wa kemo kafin tiyata sun fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Maganin irin na kansar huhu mai ƙananan ƙwayoyi ne: sisfilatin a rana ta farko, etofosaid kwana uku a jere, a maimaita duk kwana 21, zagaye 4. Sisfilatin yana son ƙoda mai tace aƙalla mililita 60 a minti, da kunne mai ji, da jijiyoyin ƙafa lafiyayyu, da zuciya mai ɗaukar ruwa. In ƙarin ya toshe bututun ƙoda, ka sa roba ta baya ka zuƙe ƙodar, sau da yawa aikinta yana dawowa har ta cancanta. In duk da haka ba ta kai ba, kabofilatin. A lissafa kuɗin zagaye huɗun tun kafin a fara, kada a yi biyu a tsaya. Gargaɗi ɗaya nake sa dangi su maimaita mini da bakinsu: zazzaɓi tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, in zafin jiki ya kai digiri 38, ba na kemis ba ne, kada a tsaya shan maganin maleriya a gida. A taho asibiti a daren, don sojojin jini sun faɗi.

Bayan zagaye na huɗu a sake hoto. In ciwon bai fita ba, a cire mafitsara da kaluluwa cikin sati huɗu zuwa shida, ko a gasa ƙarin da na'urar haske, haɗe da kemo, ga wanda jikinsa ba zai ɗauki babban aiki ba ko ya ƙi. Yawancin dattawan da suka ƙi, jakar fitsari ce ta tsorata su, kuma in ka tona za ka tarar maganar salla ce. Ina nuna musu jakar su riƙe a hannu, in nuna inda za ta zauna a ƙarƙashin riga, in ce su tambayi malaminsu hukuncin mai yoyon fitsari. Waɗanda suka je suka tambaya, da sauƙin zuciya suke dawowa. Gashin ƙwaƙwalwa na rigakafi ba a saba yinsa a nan kamar a huhu ba, amma sabon ciwon kai ko raunin gefe guda yana bukatar hoto nan take. Shekara biyun farko, hoto duk wata uku.

In ya riga ya bazu, kemo ɗin dai shi ne, wasu suna ƙara atezolizumab ko durbalumab bisa abin da aka gani a huhu, ga mai hali. Ciwon yana jin magani da sauri, yana kuma dawowa da sauri, sau da yawa zancen watanni ne zuwa shekara guda da 'yan kai. Ka faɗa wa wanda ya kamata a gidan, cikin ladabi, kafin a sayar da gona ta biyu. Ka tsayar da jinin, ka buɗe hanyar fitsari, ka rubuta mofin na sha ba tare da tsoro ba.

Mai manyan ƙwayoyi haka ake bi da ita. Kasinoyid kuwa ɗan tsiro ne, yawanci a wuyan mafitsara ko kusa da shi; kankara mai kyau ta isa, sai a tabbatar ba daga hanji ya zo ba, a riƙa leƙawa lokaci-lokaci.

Takardar sallama

Waccan baiwar Allah mun shirya ta sati biyu da doksazosin da gishiri, muka koma muka yanke ɓangaren mafitsarar. Ranar da aka cire mata robar fitsari, innar ta tsaya a ƙofar banɗaki riƙe da zani, tana jiran ta faɗi. Ta fito da ƙafarta, ta ce ba ta ji komai ba. Bayan sati huɗu muka sake metanefirin, ya dawo daidai. Ana yin wannan ne tsakanin sati 2 zuwa 6 bayan aiki, daga nan duk shekara, aƙalla shekara 10, ga matashi ko mai gado ko wanda ƙarinsa ba a saman ƙoda yake ba kuwa har ƙarshen rayuwa.

Mutumin ƙauye ba ya riƙe kwanan wata na asibiti shekara guda, don haka na ɗaura mata shi da abin da ba a mantawa: sati biyu bayan Babbar Salla, kowace shekara. Na ba mijin kati na ce ya ajiye tare da takardun gona. A jikinsa na rubuta sunan ƙarin da ranar aiki, da Turanci saboda ma'aikata, da Hausa saboda su. A ƙasa na ƙara layi uku: in ciwon kai da zufa bayan fitsari suka dawo, a taho ba sai Salla ba, in ta samu juna biyu, a nuna katin a awon farko a kuma yi gwajin, kada a yi mata wata tiyata, ko ta haihuwa ce da aka tsara, sai likitan sa barci ya karanta shi.